Na gama kwalba ɗaya ta ruwan kurkure baki na kulohekzidin: yana tsayar da jinin dasashi, amma ba ya kaiwa inda ciwon yake

Kwalbar mililita 300 ce, ƙarfin maganin kashi 0.2 cikin ɗari, a jikinta kuma za ka ga an rubuta chlorhexidine. Sunan da aka fi sani a kemis shi ne Corsodyl, amma kamfanoni da yawa na yin nasu, sinadarin kuwa ɗaya ne. Na yi amfani da shi bayan wankin haƙori a asibiti, tare da ƙananan burusan da ake zurawa tsakanin haƙora. Hukuncina shi ne, a matsayin maganin mako biyu ya ci kuɗinsa. Wanda kuwa ya saye shi don ya kauce wa kujerar likitan haƙori, zani ya saya ya lulluɓe miki.

Sai an san yadda ciwon dasashi yake kafin a gane dalili. Kullum wata dauɗa mai yauƙi tana taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi, kuma cike take da ƙwayoyin cuta. Idan ta yi kwanaki ba a goge ta ba, bakin dasashin ya kumbura, sai ka fara ganin jini a burushi ko asuwaki, ko ɗan ja-ja a jikin rake idan ka gatsa. Kada ka dogara da launi, domin da yawanmu dasashinmu duhu ne tun asali, jan ba zai fito fili ba. Ka duba gefen da ya rungumi haƙorin. Lafiyayye siriri ne, a manne yake gam, mai ciwo kuwa ya yi tudu, yana sheƙi, ka taɓa shi kaɗan ya zubar da jini. Wannan mataki na farko yana warkewa sarai. A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak sun sa masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya lafa cikin kamar mako guda.

Mataki na biyu shi ne mai cin haƙori. Dauɗar da aka bari tana shan ma'adinan da ke cikin yawu ta daskare ta zama dutse, dasashi ya saki haƙori, wani aljihu ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar ya riƙa zaizayewa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Mugun halin wannan mataki shi ne ba ya zafi sai ya yi nisa. Alamominsa warin baki da ba ya jin man goge baki, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, giɓi ya buɗe inda da babu, nama ya riƙa maƙalewa a wuri guda kullum, mugunya ta fito idan an danna, daga ƙarshe haƙori ya fara girgiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mai tsananin irin wannan ya kama kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya, fiye da mutum biliyan ɗaya ke nan.

Madubi ba zai gaya maka a wane mataki kake ba. Likita ne ke zura wani siririn ƙarfe mai zanen milimita a wurare shida kewaye da kowane haƙori. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Daga 4 an sami aljihu, daga 6 kuwa aljihun ya yi zurfi. Ka riƙe waɗannan lambobi, domin ruwan kurkure baki, kowane iri ne, da ƙyar yake wuce bakin dasashi. Aljihu mai zurfin milimita 6 bai ma san ka kurkure ba.

Yadda ake amfani da shi bai da wuya, amma a nan aka fi yin kuskure. Mililita 10 ake aunawa, ba a sirka shi da ruwa, a wuya da shi a baki minti ɗaya cur, a tofar, sau biyu a rana. Mililita 20 ke nan kullum, don haka kwalbar 300 kwana 15 take yi, kusan daidai tsawon lokacin da yawancin likitoci ke rubutawa. Akwai mai ƙarfin 0.12, shi mililita 15 ake auna masa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a goge baki a kurkure da shi nan take. Sinadarin da ke sa yawancin man goge baki kumfa yana rage masa ƙarfi, saboda haka a bar aƙalla minti 30 tsakani. Bayan an tofar kada a bi da ruwa, kada a ci ko a sha komai na rabin awa. Tsarin da na ga ya fi sauƙin riƙewa shi ne a karya kumallo, a goge baki, a kurkure da shi lokacin fita, da dare kuma a goge bayan sallar isha'i, a kurkure dab da kwanciya. A karanta jikin kwalbar kafin a biya kuɗi: wasu nau'o'in akwai barasa a cikinsu, akwai kuma waɗanda babu, kuma marar barasar aikinsa bai gaza ba, ya ma fi sauƙin raɗaɗi.

Ƙarfinsa yana cikin mannewa. Yawancin sauran ruwan kurkure baki ba sa daɗewa bayan ka tofar, shi kuwa yana liƙewa a jikin haƙori da fatar baki ya ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta har kusan awa 12, shi ya sa sau biyu ya wadatar. Tun 1970 Löe ɗin nan da Rindom Schiött suka nuna cewa kurkurawa biyu a rana na hana dauɗar taruwa. Abin da na gani bai saɓa wa haka ba. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar jinin da ke biyo bayan goge baki ya ragu ƙwarai, harshe na jin haƙora sumul har yamma, warin safe ma ya yi sauƙi. Ranakun farko bayan wankin haƙori, lokacin da dasashi ke tsami har mutum na jin tsoron kai masa burushi, su ne ranakun da wannan magani ya fi amfani.

Illolinsa na sinadarin ne, kowane kamfani ya yi shi. Yana da ɗaci mai daɗewa a harshe, yana kuma dusashe ɗanɗano, musamman na gishiri, na 'yan awoyi, don haka kada ka kurkure kafin cin abinci sannan ka zargi mai girki. Babbar illar ita ce rini. Kafin kwalbar ta ƙare wani launin ƙasa-ƙasa ya fara bayyana a tsakanin haƙoran ƙasa na gaba da kuma bayan harshe. Launin shayi da kofi ne ke kamawa a inda maganin ya manne, mai shan shayi kofi uku a rana da mai cin goro su ne za su fi gani. Na harshe yana gushewa bayan an daina, na haƙori kuwa sau da yawa sai an goge shi da inji a asibiti. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne idan aka daɗe a kansa dutsen da ke taruwa a jikin haƙori, a saman dasashi, yana ƙaruwa. Idan fatar baki ta fara saɓulewa ko raɗaɗi ya yi yawa, a sirka shi da ruwa rabi da rabi. Idan leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a daina nan take a nufi asibiti, domin akwai jikin da ba ya karɓarsa sam, ko da yake ba kasafai ba. Duk wanda ya mai da shi abin kurkurawar yau da kullum wata da watanni ya yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba.

Ainihin aikin kuwa, wankin haƙori a asibiti ne ya yi shi. Ana amfani da inji mai kaifin baki da ke karkarwa sau dubbai a daƙiƙa guda yana feshin ruwa, ya farfasa dutsen, sannan a bi da ƙarafan hannu a kankare saiwar da ke cikin aljihu. Idan aljihun ya yi zurfi ana yin allurar kashe zafi, a raba aikin zama biyu ko huɗu. Akwai maganar da ta yaɗu cewa wankin haƙori na sa haƙora girgiɗa da buɗe giɓi. Na gane inda ta samo asali, amma an juya zancen ne. Dutsen ne ya cike gurbin ƙashin da ciwo ya riga ya cinye, ya ɗaure haƙoran kamar siminti. Da aka cire shi, kumburi ya sauka, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Zugi idan ruwan sanyi ya taɓa haƙori na mako ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, man goge baki na masu irin wannan zugi yana rage shi.

Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin kwalbar da burushin tsakanin haƙora, burushin zan ɗauka. Ciwon dasashi a tsakanin haƙora ya fi farawa, inda burushin yau da kullum da asuwaki ba sa shiga, tsinken sakace kuwa abinci kawai yake turowa, ba ya goge bangon haƙori. Kamfanin TePe, mai yin irin wannan burushi, ya bambanta girman nasa da launi: ruwan hoda milimita 0.4, ja 0.5, shuɗi 0.6, rawaya 0.7, kore 0.8, har zuwa baƙi 1.5. Wanda ya dace shi ne mai shiga da ɗan matsi, gashinsa na gogar haƙoran biyu, ba tare da wayar ta karce su ba. Yawancin manya na buƙatar girma biyu, ƙarami a gaba, babba a turame. Sau ɗaya a rana, a zura a fitar sau uku ko huɗu a kowane giɓi, ba tare da man goge baki ba. Zai fitar da jini a makon farko, kuma a nan ne mutane ke dainawa, alhali jinin shaidar kumburi ne, dainawar ce ke tsawaita shi. Wayar ƙananan tana lanƙwashewa cikin kamar mako guda, ga shi ba kowane kemis ke ajiye su ba, wanda ya samu ya sayi da ɗan yawa. Inda haƙora suka matse ƙwarai sai a koma ga zaren sakace. Burushin yau da kullum kuwa mai laushi, a karkata shi wajen dasashi, minti biyu safe da dare, da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa.

Akwai waɗanda kwalbar za ta fi yaudara. Mai shan taba dasashinsa ba ya zubar da jini sosai saboda nikotin na tsuke jijiyoyin jini, sai ya ɗauka lafiya lau yake alhali ƙashi na tafiya. Mai ciwon suga da bai daidaita ba ciwon ya fi yi masa tsanani, kuma abin kaiwa da komowa ne, domin jinyar dasashin tana ɗan taimakawa wajen saukar da sugan. Wanda ƙurji ke yawan fito masa a dasashi ya je a auna sugansa. Masu shan nifedifin ko amlodifin don hawan jini, da masu shan fenitoyin don farfaɗiya, dasashinsu kan yi kauri ya hau kan haƙori. Kada su daina magani da kansu, su gaya wa likitan da ya rubuta. Mai juna biyu ma dasashinta kan yi saurin jini, kuma ciki ba ya hana wankin haƙori.

Sayen Flagyl da Ampiclox a kemis duk lokacin da dasashi ya kumbura ba ya cire dutse ko ƙwaya ɗaya. Kumburin ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo, ƙwayoyin cutar kuma sun ƙara sabawa da maganin. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokalin gishiri yana sanyaya wuri, iyakarsu ke nan. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi kuwa ƙona naman take yi. Idan kumburi ya zo da zazzaɓi, ko ya hau fuska, ko haɗiya ta yi wuya, wannan na asibiti ne a ranar.

Bayan kwalbar ta ƙare ban sayi ta biyu ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya sai likita ya ce. Abin da ya rage shi ne komawa a sake awo bayan mako 8 zuwa 12, a kwatanta lambobin da na farko. Aljihun da ya sauka zuwa milimita 4 ko ƙasa da haka kuma ba ya jini ya zauna, sai dai a riƙa duba shi kamar kowane wata uku. Wanda ya tsaya a 6 yana buƙatar a sake kankare shi ko a yi masa ƙaramar tiyata. Ka roƙi a rubuta maka lambobinka a takarda ka tafi da su gida, a zaman ne kuma za a goge maka rinin da maganin ya bari.