Wane rim ne zai ɗauki bas mai ɗakin kwana?

Kafin ka kalli ƙyalli, buɗe ƙofar motarka ka nemo farantin da aka rubuta nauyi a kai. Akwai adadin abin da ƙafafun gaba za su ɗauka, akwai na baya. Raba mafi girma gida biyu. Idan na baya kilo 1,700 ne, kowane rim sai ya iya ɗaukar kilo 850. Bas da aka sa wa gado, kabad, batir na biyu da tankin ruwa kullum a kusa da iyakarta take, domin lita 100 ta ruwa kaɗai kilo 100 ce.

Ni dai rim ɗin ƙarfe na asali, wanda aka ƙera don bas ɗin kaya, shi ne nawa. Ba shi da kyan gani, na yarda, kuma yana tsatsa in an yi sake da shi. Amma in ya daki rami lanƙwasa yake yi, ka ga laifin da idonka, iska ta riƙa fita a hankali har ka samu wurin tsayawa. Ramin tsakiyarsa na zaune daidai, notinsa na asali ya kama shi, ba ruwanka da zobe ko ciko. Aloi, wato rim ɗin alminiyam, da aka yi musamman don bas, wanda aka rubuta nauyin da zai ɗauka a jikinsa, shi ma ba laifi in kana son ado.

Rim ɗin ƙaramar mota fa? Nan ne ake ruɗuwa. Bas ɗin Volkswagen T5 da tsofaffin BMW da yawa duk hudar noti biyar ne a da'irar milimita 120, don haka rim ɗin BMW yana shiga T5. Sai dai ramin tsakiyar T5 milimita 65.1 ne, na waɗancan 72.6, mazaunin noti ma ba ɗaya ba ne. Shiga daban, ɗauka daban.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Na taɓa sayen aloi huɗu masu sheƙi, mai sayarwa na rantsuwa cewa za su ɗauki ko tirela. Bayan 'yan watanni tayar baya ta fara sace iska. Mai faci ya tsoma ta a ruwa, kumfa na fitowa daga jikin rim, wani tsage siriri kamar gashi a gindin ɗaya daga cikin hannayen rim ɗin. Tun daga ranar nake juya kowane rim in karanta bayansa. Nemi nauyin da zai ɗauka a kilo, a zube cikin ƙarfen, ba a takardar da aka manna ba. Tambarin JWL na Japan maƙeri ne ke buga wa kansa, VIA ce ke nuna wasu ne suka gwada, JWL-T kuwa na motocin kaya ne. Lambar KBA, wato hukumar motoci ta Jamus, ma ana iya bin diddiginta. 'Yan jabu suna kwaikwayon duk waɗannan, don haka ka ce a ba ka takardar gwaji mai lambar da ta zo ɗaya da ta jikin rim. Sabon fenti a tsohon aloi kuma, shafa cikinsa da hannu, wataƙila walda aka rufe.

Taya ma haka, akwai lambar nauyin da za ta ɗauka a jikinta: lamba 91 kilo 615 ce kacal, 103 ce ke kai 875. Nemi mai harafin C (ta motar kaya) ko CP (ta bas mai ɗakin kwana) a gefe.