Zauren sarki ko gaban alƙali: ina za a kai maganar riƙon yara?

Wata 'yar'uwarmu ta nan Tawa ta kawo tambaya. Mijinta ya sake ta, ta gama idda a gidan iyayenta, tana da yara biyu, namiji mai shekara 8 da mace mai shekara 3. Yanzu tsohon mijin ya aiko ƙanensa a ba shi babban, wai ya haura bakwai. Ta kai maganar wajen mai unguwa da malamai, ko ta nufi kotu?

'Yar'uwa, bari mu fara da bakwai ɗin nan. Mayar wa uba da yaro in ya kai shekara bakwai al'ada ce da ta yi ƙarfi a Nijar har alƙalai ma suna aiki da ita, amma ba ita ce maganar Malikiyya ba. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san abin da ke ciki: riƙo na uwa ne bayan saki har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren, sai kaka ta wajen uwa, sannan inna, 'yar'uwar uwar. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba ko a hannun wa yaran suke. Rubutacciyar dokar iyali ma ba mu da ita. An tsara wata a 1993 ta ci karo da turjiyar ƙungiyoyin addini, aka sake gwadawa a 2011 aka janye. Shi ya sa dokar tsarin kotuna, tun ta 1962 har wadda aka sabunta a 2018, ta bar aure da saki a hannun al'adar masu shari'ar.

To, zaure. Alherinsa a fili yake: kusa ne, da Hausa ake magana, a yini ɗaya ana iya gamawa, kuma mai unguwa ya san wane ne mijin, ya san ko gidan nasu akwai hatsi a rumbu ko babu. Ba a fita da gaba mai tsanani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaran da gobe za su je gaida kakanni ta kowane ɓangare ranar salla. Sai dai sarki da mai unguwa sulhu doka ta ba su ikon yi, ba hukunci ba. Malami shi ma nasiha da sasanci ne nasa, ko da kuwa na Ƙungiyar Musulunci ta Nijar ne, wadda mutanen Yamai ke yawan kai mata rigimar aure.

Na taɓa raka ɗiyar ƙanwata irin wannan zama. Tana can bayan tabarma ta ja mayafi, kawunta ne ke magana a madadinta. Aka tsaya a kan jika goma duk wata, aka shafa fatiha, aka raba goro. Wata biyu kuɗin suka zo. A na uku mutumin ya hau mota sai Abijan, kamar yadda mazan Adar da yawa ke yi in an gama girbi, yaron da ya matsa sai an ba shi kuwa ya bar shi hannun amaryarsa. Da muka koma zaure, tambayar farko ita ce ina takarda. Babu.

Nan ne kotu ta fi. Alƙali ba ya zama shi kaɗai a shari'ar al'ada, akwai dattawa biyu masana al'adar masu ƙarar da ke taya shi, amma shawara suke bayarwa, shi ke yanke magana. Shi ma da sulhu yake farawa. In bai yiwu ba zai tambayi abin da a zaure ake jin nauyin tambaya: wa zai kwana da yaron nan, uban yana gari ko yana ci-rani, yaron yana lakwal, wa ke kai shi likita in zazzaɓi ya tashi. Yana iya tura ma'aikatan jin daɗin jama'a su leƙa gidajen biyu. Kuma al'ada ba ta da ikon take yarjejeniyar da ƙasa ta amince da ita, ciki har da ta haƙƙin yara da Nijar ta rattaba wa hannu a 1990, wadda ta sa maslahar yaro gaba da komai. Don haka bakwai ba ƙofa ce da ke rufe kanta ba, ko da yake kada in yaudare ki, alƙalai da yawa daga ita suke farawa. Abin da za ki fito da shi rubutacce ne: wa ke riƙo, nawa ne kuɗin ciyarwa, yaushe ɗayan zai ga yaransa. In ba ki gamsu ba kina iya ɗaukaka ƙara.

Wahalarta kuma kin sani. Faransanci, zaman benci tun safe, a ɗage ki zuwa wani mako, kuɗin kabu-kabu, ga bakin mutane: ta kai uban ɗiyanta kotu. Wadda ba ta da hali tana iya neman taimako a ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don tallafa wa talaka a shari'a, ko wajen ƙungiyar mata masana doka, AFJN.

Ni dai da ke ce, da zaure zan fara, musamman in tsohon mijin mai jin maganar manya ne. Amma ba zan tashi daga tabarmar ba sai an rubuta takardar sulhu, ku biyu kun sa hannu. Doka ta ce sarki ya rubuta ta, kuma ɗayanku yana iya kai ta kotu a buga mata hatimin da zai sa a tilasta aiki da ita. A cikinta a faɗi adadin kuɗi, da ranakun ziyara, da inda yaron zai zauna in uban ya yi tafiya. In ya ƙi sa hannu, ko kika ji ƙishin-ƙishin zai ɗauke yaron ya ƙetare iyaka, kada ki jira zama na biyu. Ki ɗauki takardar saki, da takardun haihuwar yaran biyu, da shaidar lakwal ta babban, ki nufi kotu.