Tsibirai uku a kwana goma: yadda tsarin da muka saya na Zanzibar, Pemba da Mafia ya kaya

Da maiɗakina ta ce hutun watan Agusta teku take son gani, abin da na sani game da tsibiran Tanzaniya bai wuce sunan Zanzibar ba. Sai na nemi wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da abokin aikina ya taɓa bi ta hannunsu. Suka turo tsari ta WhatsApp: kwana goma, tsibirai uku. Unguja, wato babban tsibirin da mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar, sai Pemba ta arewa, sai Mafia can kudu. A rubuce abin gwanin ban sha'awa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai inda suka kyauta, akwai kuma inda suka sayar mana da abin da babu shi.

A fannin takardu, gaskiya sun yi ƙoƙari. Su suka ankarar da ni cewa mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri ya jira amincewa. Suka tuna mana da katin rigakafin cutar shawara, da kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata inshorar. Da ba su faɗa ba, da a layin shige da fice zan fara jin labarinta. Daga Kano muka bi ta Addis Ababa muka sauka Unguja, direbansu yana tsaye da kwali ɗauke da sunana.

Kwana huɗun Unguja sun biya kuɗinsu. Tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga. Wanda ya saba ratsa cikin birnin Kano a ƙafa ba zai ji baƙunta ba: kiran salla ta ko'ina, yara da littattafan Islamiyya, tsofaffi a dakalin ƙofar gida suna shan gahawa. Jagoran da suka haɗa mu da shi ya san aikinsa. Ya kai mu cocin da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, muka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, muka fito babu mai magana. Da daddare kuma lambun Forodhani, inda ake gasa kifi da sauran naman ruwa a bakin teku. A nan tambayi farashi kafin a zuba maka. Mun kuma tsallaka da ƙaramin kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai ya koma wurin killace masu cuta. Manyan kunkurun da ke can, asalinsu kyauta ce daga gwamnan Seychelles a 1919. Maiɗakina ta fi minti ashirin tana shafa wuyan ɗaya.

Kuskuren farko a masaukin bakin ruwa ya fito. Sun ajiye mu a Paje, gabashin tsibirin, ba tare da sun faɗa mana cewa a wannan ɓangaren teku kan janye nesa ƙwarai sau biyu a yini ba. Ka fito da niyyar shiga ruwa, ka tarar da fili fetal, mata suna can suna ɗaure ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiyoyi. Kallon da daɗi, na yarda. Amma wanda iyo ya kawo shi, Nungwi ko Kendwa da ke arewa suka fi dacewa da shi, domin can ruwan ba ya gudu haka. Tambaya ɗaya da sun yi mana da sun gane.

Wani abu da ba laifinsu ba ne, amma ya kamata su faɗa: agogon Sawahili daga fitowar rana yake fara ƙirga. "Saa moja asubuhi", wato awa ta ɗaya ta safe, ƙarfe bakwai ke nan a wurinmu. Mai kwale-kwale ya ce mana "saa mbili", na fassara shi ƙarfe biyun rana, ashe bawan Allah tun ƙarfe takwas na safe yake jiranmu.

Pemba ita ce ta sace min zuciya, kuma ita suka ba kwana biyu kacal. Kusan rabin awa ne a ƙaramin jirgin sama daga Unguja zuwa kusa da Chake Chake. Tun daga sama za ka ga yanayin ƙasarta ba ɗaya ba ne da na Unguja: tuddai ne da kwaruruka, kore shar. Mafi yawan kanumfarin yankin Zanzibar, wanda ya haɗa Unguja da Pemba, a nan ake nomansa, kuma mun dace da lokacin tsinka. An shanya shi kan tabarmi a gefen titi kamar yadda ake shanyar barkono a ƙauyukanmu, wani kore, wani ja-ja, wani ya riga ya yi baƙi, ƙamshi yana shigowa har cikin mota. Baƙi 'yan kaɗan ne, ba mai binka da tallar yawon buɗe ido. Mutanen wurin masu riƙon addini ne da kunya, don haka hijabin maiɗakina bai zama abin kallo ba, sai ma "karibu", wato maraba, da muke sha ta kowace kusurwa. Mun yi wuni ɗaya a tsibirin Misali, ruwa garau har kana ganin ƙasan teku daga cikin jirgi. Dajin Ngezi da ke can arewa kuwa ba mu samu zuwa ba, saboda washegari da sassafe jirgi.

Wannan jirgin shi ne inda tsarin ya karye. A taswirar da suka turo, an ja layi ɗaya miƙe daga Pemba zuwa Mafia. A zahiri sai da muka sauka Unguja, muka wuce Dar es Salaam, muka yi zaman jira na awanni, sannan wani ƙaramin jirgin ya ɗauke mu zuwa Kilindoni. Wuni guda cur ya tafi a kujerun filin jirgi. Ga shi nauyin kayan da aka yarda da shi kilo 15 ne, mu kuwa akwatunan Bahaushe muka ɗauko, har da tsarabar kanumfari a ciki. Na biya kuɗin ƙari ina cizon yatsa.

Duk da haka da zan haƙura, in da abin da ya kai mu Mafia yana nan. Hoton da suka jawo mu da shi na kifin nan ne mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, ba ya cutar da mutum, ana iyo kusa da shi. Da muka isa, mai masaukin ya dube mu da tausayi ya ce lokacinsa daga wajen Oktoba ne zuwa farkon shekara. Mu ga mu a Agusta, iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, teku yana tashin hankali. Mun leƙa tsibirin Chole mun ga kangayen tsofaffin gine-gine da saiwoyin itatuwa suka nannaɗe, mun biya kuɗin shiga gandun ruwan da aka keɓe tun 1995, wanda shi ma babu shi a lissafin da aka ba mu. Wuri ne mai kyau da natsuwa, ban musa ba, amma ba don shi muka kashe kuɗin jirage biyu ba.

Da muka dawo na rubuta musu duk wannan dalla-dalla. Suka ba da haƙuri cikin ladabi, suka ce tsarin nasu iri ɗaya ne duk shekara. To, a nan gizo ke saƙar. Zan iya sake ba su aikin biza da direba da jagoran Stone Town, amma zaɓen tsibiri ba zan ƙara bar musu ba. Ƙanena yana shirin tafiya da amaryarsa a watan Yuli, na ce masa ya cire Mafia daga jerin, kwana ukun nan ya ƙara wa Pemba, ya je Ngezi ya turo min hoto.