Littafin Ɗangambo ko ƙaramin littafin taƙaitawa?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane littafi za ka saya don nazarin rubutacciyar waƙa. A cikin biyun da ka ambata, ka sayi Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. Wancan ƙaramin na tambaya da amsa da ake tallarsa gab da jarrabawa, ka bar musu kayansu.

Duka biyun ina da su. Ƙaramin ba zan ce ba shi da amfani ba: zai gaya maka jigon waƙa wa'azi ne ko siyasa, ka haddace, ka zuba a takarda. Iyakarsa ke nan. Ranar da aka ajiye maka baitin da ba ka taɓa gani ba, sai ka tsaya kana cizon biro.

Na Ɗangambo hanya yake ba ka, mataki-mataki: salsalar waƙar (wato asalinta), sai jigo, sai zubi da tsari, sannan salo da sarrafa harshe. Ko jigon ma ba ya barinka ka faɗa da ka, sai ka nemo furucinsa a cikin baitocin ka nuna shi da yatsa. Lokacin da na fara aiki da shi, wata waƙa ƙwar biyar (mai layi biyar a kowane baiti) na ɗauka, na kwafe baiti ɗaya a littafin rubutu, na bar fili tsakanin ɗango da ɗango, wato layi da layi. Na ja layi ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowanne. A nan na ga ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo (sautin ƙarshen ɗango) da ke canzawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amon da ya ratsa waƙar gaba ɗaya. Da na rera shi a fili ina ƙidayar dogayen gaɓoɓi da gajeru, sai na gane marubucin ya datse wata kalma ne don kada karin waƙar, wato awonta, ya karye. Da can na ɗauka kuskuren maɗaba'a ne! Wallahi daɗin da na ji ranar har yau ban manta ba. Haka kuma littafin zai sa ka bambance nau'o'in adon harshe irin su kamance da siffantawa, ka daina kiran komai "azanci".

Amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu yin hoton littafin su manna masa bango mai sheƙi su ce na asali ne, ka je gida ka tarar an tsallake shafuka. Ka buɗe shi a gaban mai shago, ka bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. Masu cewa ka tura kuɗi su turo maka ta WhatsApp kuwa, kar ka tura ko sisi sai ka gani.

Ka haɗa da fensir da diwani, wato littafin da ya tattara waƙoƙin da kake son nazarta, domin littafin ba zai karanta maka waƙar ba. Idan kuma waƙar baka ce a gabanka, irin ta makaɗan fada ko ta noma, to Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau za ka nema, domin can dole sai ka saurari kiɗan da amshin 'yan amshi.