Kafin Ka Sayi Batirin Waya Mai Araha a Intanet

Kowane batirin waya yana da iyakar kwanansa. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da na wayoyinsa da suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Idan lokacin canji ya zo, mai waya yakan zaɓa tsakanin cibiyar gyara ta kamfani, da shagon mai gyara da ya sani, da kuma tallan intanet mai rabin farashi.

Na intanet ɗin ne ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi buƙatar taka-tsantsan. Abu na farko da za a duba shi ne adadin mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir yake iya ɗauka, da aka rubuta a jikinsa. Idan batirin asali na wayarka 4000 ne, sai ka ga wani mai girma ɗaya da shi an rubuta masa 6000, to ƙarya ce aka buga a takarda, domin gurbin batir a cikin waya ba ya ƙaruwa. Akwai kuma ƙaramin allon kariya da ke saman batir, wanda yake yanke wuta idan caji ya cika ko ya yi ƙasa ainun, kuma a nan ne masu yin jabu suke rage kuɗi, tunda hoto ba ya nuna shi. Batirin da kariyarsa ba ta da inganci yakan yi zafi, iskar gas ta taru a cikinsa ya kumbura, har ka ga gilashin waya ya ɗago daga gefe, gam ɗinsa yana saki. A zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, lalacewar tana ƙara sauri. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin ko Samsung da duk gwajinsa sai da ya janye Galaxy Note 7 a shekarar 2016 saboda batiransa suna kamawa da wuta.

Wata matsalar ita ce tsufa, domin batir yana raunana ko ba a taɓa amfani da shi ba, wasu kuma daga tsofaffin wayoyi ake ciro su a sake musu takarda.

Cibiyar kamfani, kamar Carlcare ga masu Tecno da Infinix da Itel, ta fi tsada amma tana ba da garanti. Masu iPhone daga XS da XR zuwa sama su sani cewa wayar takan nuna gargaɗi idan ta kasa tantance batirin da aka sa mata.

A ganina, wanda aljihunsa bai kai ga cibiyar kamfani ba gara ya je wurin mai gyaran da aka san shi, a kasuwa irin ta Farm Centre a Kano, ya ga batirin da idonsa, ya gwada lambarsa da ta tsohon, ya duba ranar da aka ƙera shi, a sa masa a gabansa, su kuma yi yarjejeniya cewa zai dawo da shi idan cikin makonni biyu ya fara zuƙe caji ko zafi. Idan kuwa dole sai ta intanet, a nemi ɗan kasuwar da ya rubuta sharaɗin mayar da kaya a fili, kuma a kwanakin farko kada a kwana da wayar tana caji a kan katifa.