Fitilar Sola Da Na Yi Kwana Tara Da Ita A Bakin Teku

Tunda na dawo daga kudu, duk wanda ya shigo zaurenmu da daddare ya ga fitilar nan a rataye sai ya tambaye ni kuɗinta, ya kuma tambaya ko tana da ƙarko. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya.

A kasuwar Haɗeja na saye ta, naira 28,000, bayan mun sha ja-in-ja da mai shagon. Irin mai hannu ce kamar fitilar ƙwai, da ɗan faranti na sola wanda faɗinsa bai wuce allon yara ba, da doguwar igiya, da ramin cajin waya, da rediyo a jiki. Haskenta hawa uku ne. Na gaya wa yaron shagon cewa ruwa zan shiga da ita. Ya ce, "Alhaji, wannan ko a rijiya ka jefa ta, ka ciro ta tana ci." Na ce, "Ɗan samari, ka taɓa ganin teku?" Ya yi dariya ya ce ruwa ai ruwa ne. Ni ma a lokacin haka na ɗauka, don a gefen Auyo aka haife ni, kuma tun ban kai shekara goma ba nake tuƙa kwale-kwale.

Albasa da wake da busasshen barkono muka kai Ibaka a jihar Akwa Ibom, ni da Kawu, ƙanin mahaifina, wanda ya shekara goma sha yana wannan fatauci. Daga can muka shiga wani dogon jirgin katako mai injin Yamaha biyu, wanda ke bin ƙauyukan masunta ɗaya bayan ɗaya, ya ratsa Bakasi har Idenau a ƙasar Kamaru. Mu sauke kaya, mu ɗauki banda da jatan lande, wanda 'yan kasuwa ke ce wa kirefish. Bakasin nan ita ce wadda kotun duniya ta ba Kamaru a 2002, aka gama miƙa ta a 2008, amma har yau yawancin masuntan da muka yi ciniki da su 'yan Najeriya ne, naira da sefa duk suna karɓa.

Abu na farko da fitilar ta koya mini shi ne rana ba ɗaya ba ce. A ƙarshen Oktoba muka je. Mu nan damina ta ɗauke, an yanke gero, sama fes. Can kuwa hadari ne kullum kamar an kifa ƙwarya. A gida na gwada ta kafin tafiya, daga hantsi zuwa la'asar ta cika, ɗan koren idonta ya kawo. A cikin jirgi sai in shanya farantin a kan tamfol tun asuba, magariba ta yi bai fi rabi ba. Da muka matso gindin Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, Kawu ya nuna mini wani ƙauye, Debundscha, ya ce nan ne uwar ruwa. Ruwan saman da ke zuba a wurin yana kaiwa kusan milimita 10,000 a shekara, mu kuwa a ƙasar Haɗeja abin da muke samu bai fi 600 zuwa 700 ba. To a irin wannan wuri me faranti zai ci? Duk da haka ba ta taɓa barina cikin duhu ba, muddin na bar ta a ƙaramin haske. A hawa na ɗaya tana kaiwa asuba. A hawa na uku kuwa, awa uku ko huɗu ta fara lumshewa. Idan na jona waya, wannan dare sai haƙuri, don cajin waya ɗaya yana cinye abin da ta tara yini guda.

Zaman jirgi ba agogo ke tafiyar da shi ba, ruwa ne. Sau biyu a yini teku ke cikowa, sau biyu yana janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. In ruwa ya janye a cikin waɗannan lunguna masu itatuwan da saiwarsu ke tsaye a waje kamar ƙafar gizo-gizo, sai jirgi ya zauna daram a kan laka, ku ma ku zauna. Don haka lodi da sauke kaya suna iya faɗowa ƙarfe biyun dare. A nan fitilar ta biya kuɗinta. Da ita muke ƙirga buhu, da ita muke duba banda ko ta yi fumfuna, da ita nake rubuta bashi a littafi. Matuƙin dai ya hana ni kunna ta a gaba in muna tafiya, ya ce tana kashe masa ido, ba ya ganin ragar masunta. Kuma duk inda muka tsaya, in na kunna babban haske, ƙwari da wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo kamar barkono sai su taru a kaina. Dabarar da na yi ita ce in rataye ta nesa, ni in zauna a inuwa.

Daren kwana na biyar injin ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ya fara tari, ga igiyar ruwa tana ɗaga mu tana bugawa da ƙasa. Tocilan yaran jirgin biyu duk batir ya yi sanyi. Ni na riƙe fitilar a kan injin, hannu ɗaya a bakin jirgi, cikina na juyawa, yayin da makanikensu ke kwance fulogi yana gogewa. Ruwa ya watsa mata ya fi sau goma, ba ta ko ƙifta ba. Kawu yana gefe yana ta hasbunallahu. Da injin ya tashi ya dube ni ya ce, "Yaro, dubu ashirin da takwas ɗin nan taka ta halatta."

Salla kuwa sai da na sake koyo. Ranar farko na tsaya ina waswasi ko alwala ta yi da ruwan gishiri, ga shi ruwan jarka na sha ne kawai. Kawu ya tuna mini hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda Annabi (SAW) ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Muka riƙa ɗiba da buta. Sabulu ne dai ba ya kumfa a cikinsa ko kaɗan, in ka yi wanka kuma jiki ya bushe sai ka ji kana ɗanƙo. Alƙibla da waya muke dubawa, wanda ya sa cajin nan ya zama dole, ko da yake kana raka'a ta biyu jirgin ya riga ya juya da kai. Abinci garin kwaki ne da kifi, sai gasasshiyar agada da kwakwa. Furar da Inna ta ɗaura mini tun a Uyo ta yi tsami, kilishi kuwa ya jiƙe ya yi laushi kamar tsumma.

Yanzu ga laifinta. Ruwan sama ba ya yi mata komai, gaskiyar yaron shago ke nan, amma gishiri ya ci ta. Iskar tekun kanta gishiri ce. Kullum da safe farantin yana wayar gari da wani fari-fari a fuska, sai na ɓata ruwan sha na goge shi, in ba haka ba cajin ya ƙara raguwa. Kwana shida ramin cajin waya ya yi kore, ya daina kamawa sai na danna igiyar da yatsa. Murfin robar da aka yi masa sakwa-sakwa ne, tun kwana na biyu ya faɗa ruwa. Makaniken nan ne ya kankare mini ramin da allura ya ɗiga fetur, ya dawo, amma har yau sai an lallaɓa shi. Ƙananan kusoshin bayanta duk sun yi tsatsa, eriyar rediyon ta ƙage ba ta fitowa gaba ɗaya. Rediyon ma FM ce zalla, babu gajeren zango, don haka a can ban ji BBC Hausa ko sau ɗaya ba, sai Faransanci da Turancin buroka. Wanda ya saba jin labaran asuba zai gane irin kewar da na yi.

A gida kuwa ba ni da ƙorafi. Tana kama Sawaba da Rediyon Jigawa tas. Rana tamu tana cika ta kafin la'asar, har ta caja waya biyu ta kuma kai mu sallar isha'i da saura. Da hunturu ya shigo ƙura ce ke rufe farantin, ita kuwa tsumma busasshe ya isa. Na lissafa abin da muke kashewa a batirin tocila da kuɗin caji a shagon bakin titi, na ga kafin wata shida ta mayar da kuɗinta. Mai zama a ƙauye ya saya kansa tsaye. Mai shiga teku ya saya, amma ya naɗe jikinta da leda, ya toshe ramin caji da salatif, kada ya buɗe sai zai jona waya.

Bayan Salla za mu koma Ibaka. Na ce zan ɗauke ta, uwargida ta ce, "Maigida, wace fitilar? Wadda nake tuyar awara da ita, yara ke tilawa a gindinta?" Jiya na aiki ƙanina Haɗeja ya tambayo mini wata, ya dawo ya ce yanzu 33,000 ce, kuma yaron shagon yana nan yana gaya wa mutane ko a rijiya a jefa ta.