Sharhi kan sashen ba da shawara na MOHRE: me yake tsinana wa malamin da aka hana shi komawa wata makaranta?

Malamin da ya samu aiki a makaranta mai zaman kanta a Dubai ko Sharja yakan tarar da wani sharaɗi a ƙarshen kwantiraginsa: in ya bar aiki, ba zai koyar a wata makarantar da ke gogayya da su ba har tsawon wani lokaci. Wurin da ya fi sauƙin kai tambaya shi ne Ma'aikatar Ƙwadago ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato MOHRE, ta manhajarta ta waya ko layin shawara na kyauta, 80084. A ganinmu sashen ya cancanci yabo, amma yana da iyaka, kuma gara mutum ya san iyakar tun kafin ya jingina da shi.

Inda ya fi amfani shi ne fayyace abin da doka ta ce. Sashe na 10 na Dokar Ƙwadago mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Fabrairun 2022, ya yarda da wannan sharaɗi ne idan aikin ya ba ma'aikaci damar sanin abokan cinikin mai aiki ko sirrinsa. Dole kuma a ƙayyade lokaci da wuri da irin aikin, kuma kada ya wuce shekara biyu. Sharaɗin da ya ce "ko'ina a duniya" ko "kowane irin aikin ilimi" ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Shi ya sa malamin da zai koma Ƙatar ko gida Kano bai cika samun matsala ba, in dai wurin da aka rubuta Dubai ne kawai.

Akwai kuma ƙofofin fita da malamai da yawa ba su sani ba. Idan makarantar ce ta karya kwantiragi, ko aka rabu a lokacin gwaji, sharaɗin ya faɗi. Haka nan malami ko sabuwar makarantarsa na iya biyan diyyar da ba ta wuce albashin wata uku ba, amma sai tsohuwar makarantar ta amince a rubuce. Amincewar baki daga shugabar makaranta ba ta wadatar ba. In maganar ta kai kotu, ita makarantar ce za ta tabbatar da asarar da ta yi, kuma dole ta shigar da ƙarar cikin shekara ɗaya da gano saɓawar. Tabbatar da cewa tafiyar malamin lissafi ɗaya ta janye ɗalibai ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin ka kira, ka ajiye abu uku a gabanka: lambar katin aikinka, takardar tayin aiki, da kwantiragin da aka yi wa rajista a ma'aikatar, wanda ake saukewa daga manhajar. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wasu makarantu na ba da takarda ta biyu ta cikin gida mai ɗauke da sharuɗɗan da babu su a mai rajistar, malami ya sa hannu a duka biyun cikin ɗokin biza. Ka gwada su layi-layi, kuma ka sa wanda ya iya Larabci ya karanta maka ɓangaren Larabcin, don shi ake bi in an samu saɓani.

Iyakar sashen ba da shawarar ita ce ba lauyanka ba ne. Zai gaya maka doka, zai karɓi ƙorafi ya yi sulhu, tun Janairun 2024 ma ma'aikatar tana yanke hukunci da kanta kan rigimar da ba ta haura dirhami 50,000 ba. Amma ba shi zai tsara maka amsar takardar barazana daga lauyan makaranta ba. Malaman makarantun gwamnati da masu aiki ƙarƙashin DIFC ko ADGM, wato yankunan hada-hadar kuɗi na musamman na Dubai da Abu Dhabi, dokarsu daban ce. Sharaɗin da ka sa wa hannu da wata makaranta a Najeriya kuwa, ba ruwan MOHRE da shi, sai dai lauyan da ya san dokar Najeriya ya duba maka wace kotu kwantiragin ya ambata.